Ruwa ya shiga tankin jirgina: yaya zan juye man ba tare da haɗari ba?

Tambayar ta zo ne daga wani ƙanenmu da ke jigilar kaya da fasinja daga tashar Liverpool ta Apapa zuwa ƙauyukan tsallaken ruwa. Ya ce ya tafi gida ya bar jirginsa na faiba a ɗaure wata biyu cikin damina. Da ya dawo, injin, Yamaha mai doki 75, sai ya tashi ya yi tari ya mutu. Yana da tankin roba na lita 25 guda biyu, da kuma wani na alminiyam a ƙarƙashin daɓen jirgin. Yaronsa ya ba shi shawarar a zuƙo man da baki ta tiyo a zubar a lagun, wato babban tafkin Legas, a wanke tankunan da omo. Yana neman sanin yadda ake yi, da yadda zai kiyaye gaba.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka taɓa komai. Abubuwa ukun nan da yaronka ya faɗa, zuƙa da baki, zubarwa a ruwa, da wanki da omo, kada ka yi ko ɗaya. Kada kuma ka yi masa faɗa, abin da ya ga ana yi a bakin ruwa ne ya faɗa maka. Zaunar da shi ku karanta wannan tare, don shi ne zai riƙe maka tiyo.

Kafin ka kwance noti ɗaya, gwada ka ga ko ruwan ne da gaske. Nemi kwalbar gilas mai haske, busasshiya. Cire tiyon mai daga jikin inji, ka kwance kan ƙarfen da ke bakinsa domin akwai bawul a ciki da ke hana mai fita, ka sa bakin tiyon a kwalba, ka matsa famfon roban nan mai kama da ƙwai har kwalbar ta kai rabi. Ajiye ta a inuwa minti goma. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa wajen giram 750, saboda haka ruwa ƙasa yake kwanciya. Za ka ga layi ya fito sarai a gindin kwalbar, man a sama, ruwan a ƙasa, in kaɗan ne kuma sai ya zama ƙananan ƙwallaye suna mirginawa in ka karkata ta. In man ya yi hazo kamar ruwan tsari, ruwa ne ya gauraye da shi bai gama kwanciya ba. Sai ka sunsuna daga nesa. Fetur mai kyau warinsa a tsaye yake, wanda ya tsufa kuwa yana warin tsohon fenti, launinsa ya yi duhu. Wata biyu a zafin Legas sun isa su fara lalata fetur, balle wanda aka riga aka haɗa da man 2T, man injin da ake zubawa a cikin fetur. Ɓangarensa mai saurin kamawa ya tsere, ragowar ta fara yin danƙo, kuma danƙon nan ne ke toshe ƙananan ƙofofin kafireto.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai a wannan amsa. Ba shi kansa fetur ɗin ke fara kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, to ina ga rana tsaka a Apapa. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi, gangarawa yake yi kamar ruwa ya nemi kwari. A jirgi kuwa ina ne kwari? Kwarmin jirgi ne, ƙarƙashin daɓe, inda batir da wayoyi da famfon kwashe ruwa suke. Yana fashewa ne in ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wurin. Ƙasa da haka ya yi kaɗan, sama da haka iskar ce ta yi kaɗan. Shi ya sa cikin tankin da ke cike da mai ba ya saurin kamawa, tururi ya yi masa yawa, sai dai a bakinsa inda yake haɗuwa da iska. Amma tankin da aka juye, iska ta shiga ta cika shi, ga ɗan jiƙon mai a bango, shi ne ke shiga daidai ma'aunin fashewa. A tanki mai lita 25, fetur ɗin da bai cika rabin ƙaramin cokalin shayi ba ya isa. Lokacin da mutum ya ce alhamdu lillahi an gama juyewa, ya zaro taba ko ya kunna fitila ya leƙa ciki, lokacin ne haɗari ya fi kusa.

Ban karanta wannan kawai ba. Shekarun baya an kai wa wani mai walda da ke kusa da rumfarmu tankin ƙarfe da ya tsage a gindi. Mai tankin ya rantse ya juye shi tun kwana uku, ya ɗauraye da ruwa, ya shanya a rana. Wutar walda na taɓa shi sai muka ji ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe. Tankin ya buɗe ta wajen ɗinki, ya koma kamar faranti. Allah ya yi da sauran kwanan mai waldan, amma fuskarsa da hannayensa sun ƙone, kunnensa ɗaya har yau ba ya ji sosai. Tun daga ranar, tankin fetur da ya huje ba na yarda a kai shi walda a bakin titi. A sayi sabo.

To, fara da na roba biyun, su ne masu sauƙi. Fitar da su daga jirgi gaba ɗaya, ka kai su kan tudu, fili, inda iska ke kaɗawa. Duba kewaye da kyau kafin ka buɗe murfi: mai suya, mai shayi da risho, janareta, mai walda, masu shan taba a kan benci. Ka yi nesa da su, kuma ka tsaya ta yadda iska za ta ɗauke tururin daga wajensu, ba ta kai musu ba. Da sassafe ya fi, kafin rana ta dumama tanki. Tukunyar kashe gobara mai gari a kusa da hannunka, da bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukar ta yake yi ya yaɗa. Sa rigar auduga, ka bar mai santsin nan ta roba, don in wuta ta taɓa ta narkewa take yi a jikin mutum.

Ɗora tankin a kan benci, jarkar da za ta karɓi man kuma a ƙasa, zaune a kan ƙasa sosai, ba a kan taya ko cikin mota ba. Sassauta ɗan sukurun numfashi da ke kan murfi. Tiyon jirginka da famfonsa sun ishe ka, ba ka bukatar bakin kowa. Akwai kibiya a jikin famfon, ka tabbata tana kallon jarka. Tura bakin tiyon har gindin jarkar don kada man ya riƙa faɗowa daga sama yana fantsama, domin fantsamar nan tana ƙara tururi, tana kuma tara wutar gogayya da kan yi tartsatsi, musamman lokacin hunturu. Matsa sau huɗu ko biyar, man zai ci gaba da gangarowa da kansa.

In ya tsaya, kada ka ɗauka an gama. Bututun da ke jan mai a cikin tanki ba ya taɓa gindi, da gangan aka ɗaga shi kaɗan don kada ya kwashi datti. Abin da ya rage a ƙarƙashinsa shi ne ainihin abin da ka zo cirewa: ruwa, laka, ɓarɓashin roba. Karkata tankin ta kusurwa ɗaya ka tsiyaye ta bakin murfi cikin wani mazubi daban. Sai ka zuba sabon fetur kamar lita ɗaya, ka rufe, ka girgiza sosai, ka tsiyaye. Maimaita har abin da ke fitowa ya zama garau a kwalba. Dalilin da ya sa na hana omo da ruwa shi ne, tanki yana da lunguna da ba sa bushewa, sabulu kuma yana haɗa ruwa da mai su zama abu ɗaya mai kama da madara, wanda filta ba ta iya raba shi. Ka ga ka ƙara wa kanka ciwon da kake magani. Kwance kan bututun ka duba 'yar ragar da ke bakinsa, ka wanke ta da fetur. Duba zoben roban murfi, in ya tsattsage ko ya taurare, canza shi.

Na alminiyam ɗin shi ke bukatar natsuwa, don ba ya fita, a cikin jirgi za ka yi aikinsa. In da hali a ja jirgin kan tudu. In babu, a ɗaure shi a wurin da babu cunkoso, kowa ya sauka, daga kai sai mataimakinka. Tun kafin ka buɗe komai na mai, kashe duk abin da ke aiki da wuta, ka cire kan batir, na baƙar waya tukuna, in ma za ka iya ka fitar da batirin waje. Ka lura da tsarin: batir ake fara cirewa, sannan a buɗe tanki, domin cire kan batir kansa yana iya yin tartsatsi. Buɗe duk murafun daɓe iska ta ratsa.

Tankin fetur na jirgi da aka ƙera bisa ƙa'ida ba ya da mafitar mai a gindi, duk ƙofofinsa a sama suke, don kada wata rana noti ya saki man ya cika kwarmin jirgi. Kada wani ya ba ka shawarar a huda a sa famfo a ƙasa. Hanyar shiga ita ce ƙofar geji, ɗan faifan nan mai sukurori da wayar ma'aunin mai ke fita daga gare shi. Share kewayensa kafin ka kwance, don kada yashi ya faɗa ciki, kuma da sukundireban hannu za ka kwance. Na'urar huji mai batir, injin zuƙe ƙura, famfon kwashe ruwa na jirgi, famfon lantarki na kasuwa da ba don fetur aka yi shi ba, duk suna tartsatsi a cikinsu, kada ɗaya ya matso. Famfon hannu za ka yi amfani da shi, da tiyon mai, ka ɗaura wa bakinsa ɗan bututun tagulla don ya miƙe ya kai gindi. Sa nauyi a bayan jirgi ta gefe ɗaya yadda komai zai taru a kusurwa guda, ka kai bakin bututun can. Lita biyu ko uku na farko su ne mafi muni, ka ware su daban. Jarkunan karɓa suna waje, kan tudu ko kan jeti. In za ka leƙa ciki, da hasken rana da madubi, ko tocila da aka kunna tun daga nesa, kada a kunna ko a kashe ta a bakin ƙofar.

Abin da za ka nema a gindin alminiyam shi ne farin gari kamar toka da ƙananan ramuka kamar inda tsatsa ta ci ƙarfe. Ruwan lagun ɗinmu da gishiri-gishiri yake, ya fi yawa da rani da kuma wajen Apapa da ke kusa da bakin teku, kuma gishiri da ya kwanta a gindin alminiyam cin sa yake yi a hankali har ya huda. In ka ga ramukan sun yi zurfi, ko kana jin warin fetur a kwarmin jirgi kullum ba ka san daga ina ba, a gwada tankin da iska. Ana toshe ƙofofinsa a hura iska kaɗan, kada ta wuce awo 3 na ma'aunin PSI a gejin taya, a shafa ruwan sabulu a wajen ɗinki da mahaɗai a ga inda zai yi kumfa. Iskar mai faci kai tsaye kumbura tanki take yi ta fasa shi. In za ka rufe ƙofar geji, sa sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe ƙarƙashin faifan, tsohon ba ya komawa daidai. Fetur da ya ɗiga, a goge da tsumma, a fitar da tsumman waje. Sannan ka durƙusa ka sa hancinka a kwarmin jirgi. Muddin kana jin wari, batir ba zai koma ba.

Tanki ya yi tsabta, amma ruwan da ya riga ya wuce gaba yana nan. Tura sabon mai ta tiyo har ya fito garau. Kwance kofin filtar da ke jikin inji ka zubar, ka wanke. A gindin kowane kafireto akwai sukurun tsiyaye mai, tara tsumma ko ɗan gwangwani ka sassauta shi. In ruwan gishiri ya kwana biyu a ciki, da ka buɗe kwanon za ka tarar da farin abu kamar dusar alli ya manne a gindi, wani wurin ya yi kore inda tagulla take. In ka ga haka, tsiyayewa kawai ba ta isa, sai an sauke kafireton an wanke ƙofofinsa ɗaya bayan ɗaya. Duba fulogi ma. Inji irin naka man 2T da ke cikin fetur ne ke shafa masa ciki, in yana shan ruwa to yana gudu ne babu isasshen maiƙo, shi ya sa ba na son a yi ta tayar da shi ana cewa zai washe da kansa.

Maganar zuƙa da baki kuwa, na san ana yi kullum, daga gareji har tasha. Haɗarin ba a cikin ciki ya fi yawa ba, a huhu yake. Fetur ba shi da kauri, kurɓa ɗaya in ta sarƙe mutum sai ta bazu a huhu ta ƙona shi, numfashi ya fara wuya bayan wasu awoyi. In tsautsayi ya sa wani ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin aman ne ke mayar da man cikin huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa baki da jiki, a kai shi asibiti. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Sai kuma inda za ka kai gurɓataccen man. Na san da ciwo. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan nesa, babu mai son zubar da ko kofi ɗaya. Bar jarkar ta kwana a rufe a inuwa. Na saman, in ya fito garau kuma warinsa bai juya ba, tace shi ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan da sabo a ƙaramin janareta, wanda in ya mutu a tudu ya mutu. Jirgi mai ɗauke da rayuka a hanyar manyan jiragen Apapa da Tin Can ba wurin gwaji ba ne. Na ƙasan kuma, ka rufe ka kai wa masu karɓar tsohon baƙin mai. Kada ya shiga lagun, kada ya shiga kwata. Ruwan nan shi masunta ke ci da shi, daga Makoko har Epe, kuma hukumomin kula da hanyoyin ruwa, LASWA ta Legas da NIWA ta tarayya, da LASEPA mai kare muhallin Legas, ba sa ɗaukar zubar da mai a ruwa da wasa. In ya zube bisa kuskure, kada a watsa masa omo don ya ɓace daga ido, nutsar da shi kawai ake yi. Roƙona na musamman: kada ka zuba shi a jarkar kalanzir, kada ka ajiye shi a ɗaki. Rubuta a jikin jarkar da manyan baƙaƙe. Gidaje da yawa a ƙasar nan sun ƙone saboda an zuba wa fitila ko risho kalanzir mai gauraye da fetur.

Ta ina ruwan ya shiga tun farko? Mutane suna yawan ɗora laifin a kan gumin tanki, wato iska mai laima ta shiga da rana, ta yi raɓa a bangon ƙarfe da dare. Yana faruwa, musamman a tankin ƙarfe da aka bari rabi tsawon watanni. Amma a abin da na gani a bakin ruwan nan, in ka tarar da ruwa kofi guda ko fiye, ba gumi ba ne. Ko dai an bar sukurun numfashi a buɗe ruwan Yuni da Yuli ya yi ta dukan murfi, ko zoben murfi ya mutu, ko bututun numfashin babban tanki yana kallon inda igiyar ruwa ke fantsamowa, ko kuma da ruwansa aka sayo man. Jarkar 'yan bumburutu da ke kwana a waje, da durom ɗin da ake ajiyewa a tsaye ruwa na taruwa a kansa, sun fi gumi ɓarna. Araha ba ta ado. Ko gidan mai ma ba a rufe ido: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima ƙasar nan, ya lalata injina, aka janye shi daga kasuwa har layin mai ya dawo. Irin wannan sinadari yana jan ruwa, yana kuma cin roba da tiyo. Don haka duk man da zai shiga jirginka, fara zuba kaɗan a kwalba ka kalla.

Abu ɗaya da zan ce ka kashe wa kuɗi shi ne filta mai raba ruwa da mai, mai lamba 10 (maikiron 10, ma'aunin ƙanƙantar ƙofofinta), wadda ake ɗaurawa tsakanin tanki da inji, mai kofi mai haske a ƙasa. Kowace safiya ka kalli kofin kafin ka tayar, in ka ga ruwa ka tsiyaye. Ni ba na barin ta ta wuce awa 100 na aiki ban canza ba, kuma kullum da sabuwa ɗaya a akwatin jirgi. Tiyo kuma na mai za ka saya, na jirgi, ba farin tiyon ruwa da ke taurarewa ya tsage ba. Lanƙwasa shi ka gani, in ya nuna tsaga ko famfon ya yi tauri, ya gama aiki. Tankin roba a kan jeti ake cika shi, ba a cikin jirgi ba, inji a kashe, fasinja a waje. Bar sarari kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, don mai yana kumbura da zafi. Haɗin 2T kuma ka bi littafin injinka. Yawancin irin naka 50 bisa 1 ne, wato rabin lita a lita 25, a haɗa a girgiza kafin a ɗora.

Masu manyan jirage na gas, wato dizal, naku ba ya saurin kamawa sai ya yi zafi sama da digiri 50, amma ruwa ya fi yi muku illa. A tsakanin ruwa da gas wasu ƙwayoyin halitta ke tsirowa su zama baƙin yauƙi mai toshe filta. Ku riƙa tsiyaye gindin tanki duk mako, in kun canza filta kuma ku fitar da iska daga layin kafin ku tayar.

In za ka sake tafiya gida ka daɗe, juye na roba tas a janareta ko a wani jirgin, ka ajiye su a rufe a inuwa, nesa da wuta, ka tsiyaye kafireto. Na alminiyam kuwa, in tafiyar ba ta wuce wata ɗaya ba, cika shi kusan baki ka rufe da kyau. In za ta fi haka, gara ka bar wa wani amintacce ya riƙa fita da jirgin yana ƙona man yana zuba sabo.

Ranar da ka gama aikin nan, kada ka ɗauki fasinja kai tsaye. Tayar da inji a ɗaure ya yi kamar minti 15, kana bin mahaɗan tiyo da busasshen yatsa ko akwai jiƙo. Sai ka zagaya kusa da gaɓa ku biyu, da rigunan ruwa a jikinku, ka ba shi wuta ka rage, ka ba shi ka rage. Girgizar tafiya tana tayar da abin da ya ɓuya a lungun tanki, don haka da kun dawo ka sake ɗibar mai a kwalba, ka kuma kalli kofin filta. In ka ga ɗigo kaɗan, ragowa ce, tsiyaye ka sake dubawa gobe. In kuwa bayan ruwan sama na gaba ka sake ganin layi a gindin kwalba, to ƙofar da yake shiga tana nan a buɗe, koma kan murfi da bututun numfashi. Allah ya tsare hanya, ya ba da sa'a.